Sa-gaji da Zomon Bakin Harami

Ko da tsufa zai kwashe mini sunayen mutane da hanyoyin unguwanni, akwai safiya guda da na tabbata ba zai iya taɓa ta ba. Ita ce safiyar da na hana karyata kama zomon da ranta ya rataya a kansa, yayana yana tsaye a gefena yana ɗaga murya in ƙyale ta. Shekaru sun ja tun daga lokacin, furfura ta fito mini, dokar farauta ma ta tsananta har na rataye kayana, amma in na rufe ido har yanzu ina ganin inda kowannenmu ya tsaya.

A Mansur, wata unguwa a Makka, aka haife ni, nan aka haifi babana. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru a hanya kafin ya ga Makka, da ya gan ta kuma ya ƙi komawa. Mafarauci ne a gida, amma abin da ya iso da shi na sana'ar bai wuce kere guda ba, wato guntun sandan nan mai nauyin kai da ake jifan zomo da shi. Baba ya gaji keren ya gaji labarai, sai dai bai taɓa ajiye kare ba. Duk Juma'ar da ya sami sukuni sai ya kwashe mu a mota, ni da Yaya, ya fita da mu bayan gari ya jera gwangwanaye ya koya mana jifa. Yaya da ya yi jifa kaɗan sai ya koma inuwa, ni kuwa sai an ja ni da kunne nake shiga mota. Kuma kullum a hanya sai Baba ya nuna mana fararen ginshiƙan nan da aka kakkafa a kan duwatsu da bakin kwari, alamomin iyakar Harami. Ya ce daga nan zuwa ciki ko tantabara ba a tsorata ta, balle a jefe ta. Wanda ke son farauta ya fita waje, ƙasar Allah da faɗi.

Da na girma sai na zama mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, aikin da ba ya yankewa a garin da zafinsa kowa ya sani. Shi ya kai ni Jidda wata rana, gidan wani Bature da ke shirin komawa ƙasarsu. A tsakar gidan na tarar da wata gajeriyar karya, fari da baƙi da ja, kunnuwanta dogaye suna lilo, ga 'ya'yanta suna ta tsalle a kanta. Ni da na saba ganin saluki, dogon karen Larabawa mai siririn ciki, dariya ta kusa kama ni. Baturen ya ce mini da guntun Larabcinsa sunan irinsu bigul, kuma don zomo aka yi su. Ba su da gudun saluki, ba kuma da ido suke farauta ba, da hanci suke yi. Suna bin sawu suna kuka don mai su ya san inda suke, zomo kuwa in an matsa masa zagaye yake yi ya dawo wurin da aka tashe shi, a nan mafarauci yake jira. Da ya faɗi haka sai na tuna keren da ke rataye a ɗakinmu. Saluki ba ya bukatar kere, shi yake gama aikinsa. Wannan kuwa kamar don hannuna aka halicce ta.

Ya ce in zaɓi ɗaya, na ce sai na dawo. Na koma da busasshiyar fatar zomo da na samo a kasuwar tsuntsaye. Kafin a saki 'yan kwikwiyon na ɗaura mata zare na ja ta a ƙasa, na zagaya da ita tsakar gidan, na ɓoye ta bayan wata tukunyar furanni. Ana buɗe musu ƙofa babbansu, wani ƙato mai sheƙi, ya taho da gudu yana lasar ƙafata, Baturen yana ta nuna mini shi da yatsa. Ni idona yana kan 'yar ƙaramarsu, wadda ko kallona ba ta yi ba. Ta kafa hanci a ƙasa, jelarta a sama tana rawa, ta bi ta ɓata ta dawo ta sake kamawa, har ta shige bayan tukunyar. Da ta fito da fatar a bakinta sai ta yi wani ɗan kuka mai ja da ban taɓa jin irinsa ba. Na ce ita nake so. Ba mai lasar ƙafa na zo nema ba, irinsu ko a cikin mutane na gaji da su.

Baba ya sha gaya mana cewa a gida ba a raɗa wa kare suna a banza, saƙo ne ake aika wa maƙwabta. Tun a hanyar dawowa na san abin da zan tarar, don haka na sa mata Sa-gaji. Masu magana su yi ta yi, sa gaji.

Ba a shiga da kare gidanmu, wannan ko ni ban nema ba. Akwai hosh da Baba ya bari, wani fili mai katanga a gefen gari ta kudu, inda Yaya yake tara ragunan da yake sayar wa alhazai da masu layya. Tun rasuwar Baba makullin yana hannunsa. Ya sha mur da na kawo ta, amma ya bar ni na yi mata rumfa a lungu. Na je wurin wani dattijon malami a masallacinmu na tambaye shi, ya ce ajiye karen farauta ya halatta, amma ba kowane kare ake kira horarre ba. Horarre shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an hana shi ya hanu, in ya kama kuma ba ya ci.

Turawar ba ta ba ni wahala ba, a jininta take. Hanawar ce yaƙin. Duk wanda ya san bigul ya san in hancinta ya sauka ƙasa kunnuwan nan duk tsawonsu ado ne kawai, ba ta jin kowa. Da an idar da sallar asuba nake ɗaukarta mu fita bayan iyaka, don da rana ta ɗaga ƙasa tana ƙona mata ƙafa, warin sawu kuma ya bushe. Sai in ja fata in yi mata hanya, in ɗaura mata doguwar igiya, in bar ta ta ɗauki sawu har jikinta ya yi zafi. Daidai lokacin da take ganin ta kusa sai in yi fito in ce, "Bari." In ta tsaya ta sami nama, in ta ƙi igiya ta tsayar da ita. Tafin hannuna ya sha sulɓewa, ta sha jana na faɗi a cikin ƙaya. A hosh kuma sai in ɗora mata tsoka a kan ƙafarta in hana ta taɓawa, tana kallona yawu yana zuba, tana wani siririn kuka da yake taɓa mini zuciya. Haka muka cinye bazara guda, ni da ita, kowa da taurin kansa. Ranar da na fara cire igiyar na ce "Bari" ta ja birki ta waiwayo, zama na yi a ƙasa na rungume ta, ban damu da wanda zai gani ba.

A unguwa kuwa sunana ya riga ya koma Mai Kare. Akwai mai shayi a bakin layinmu, ɗan ƙasarmu ne, bakinsa ba ya hutawa. Da ya hango ni sai ya ce, "Mai Kare, yau ma zomon ya yi tafiya? Ka gaishe shi in ya dawo." A masallaci wani yakan tattare jallabiyarsa in na tsaya kusa da shi, alhali a hosh nake wanka in sauya kaya kafin in shigo gari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rabin masu dariyar nan jikokin mafarauta ne da makiyaya. Sun sami mukayyif da shinkafar mandi, sun manta da abin da ya ciyar da kakanninsu. Na yi kunnen uwar shegu da su. Matsalata guda ce, suna da abin faɗa. Sanyi ya shigo, Sa-gaji ta fara tayar da zomaye na gaske, amma yarinya ce, wani ta ɓatar da sawunsa a kan dutse, wani ya dawo na jefa na kuskure. Ko kunnen zomo ban taɓa shiga da shi Mansur ba.

Ana cikin haka wata yamma Yaya ya tare ni a ƙofar hosh, fuskar nan ba annuri.

"Ya ahi, ɗan'uwa, halas, ya isa haka, na gaji," in ji shi. "Jiya mutum ya zo sayen raguna, ya ji kukanta ya juya. Ya ce ba zai yanka ragon da ya kwana da kare ba. Mutuncina kake so ka zubar?"

"Karen farauta ce, Yaya. Na tambaya, ya halatta."

"Farautar me? Fen zomon, ina yake? Ni dai abinci na ga tana ci." Ya juya makullin a yatsansa. "Tayyib. Juma'a zan bi ka. In ta kamo zomo a gabana, ta zauna, ba za ka ƙara jin bakina ba. In ba ta kamo ba, ni da kaina zan sa ta a mota in kai ta barri in sauke."

Barri shi ne dajin nan namu da ba ruwa ba inuwa. Na san abin da zai sami 'yar gajeriyar karya da aka saba ba ta ruwa a kwano in an sauke ta a can. Ba za ta ga faɗuwar rana ta biyu ba. Yaya ba mugu ba ne, amma in ya furta abu yana ganin janyewa kamar tsirara ce a kasuwa. Na ce na ji, don in na ƙi a ranar zai ɗauke ta.

Shi ya zaɓi wurin. Ni na so mu yi nisa, inda na saba, amma ya ce yana da mai saye kafin sallar Juma'a, ba zai kwana a hanya saboda kare ba. Ya nuna wani kwari da ke bayan iyaka kaɗan, har ana hango ginshiƙan daga bakinsa. Na ce ya yi kusa da Harami.

"Esh, me? Tun yanzu ka fara neman hanyar gudu?"

Na kashe mota. An yi ruwa a makon, ƙasa tana da laima, filasko da tumfafiya sun yi kore a bakin rafi. Safiya ce irin wadda mai bigul yake roƙo, wari yana kwance a ƙasa bai tashi ba. Na yi bismilla na sake ta. Ba ta daɗe tana shinshine-shinshine ba jelarta ta fara wannan rawar, sai ga zomo ya fallo daga gindin ƙaya, ja-ja, kunnuwa a miƙe. Ta buɗe murya ta bi shi, kukan ya cika kwarin yana bugun duwatsu yana dawowa. Na dubi Yaya na ga bakinsa a sake.

Na ce masa ya durƙusa bayan wani dutse kada ya motsa, zomon zai zagayo. Ni na laɓe kusa da inda aka tashe shi da keren kakanmu a hannu. Kukan ya yi nisa har ya kusa ɓacewa, can ya lanƙwaso, ya fara matsowa. Ga zomon nan tafe, daidai yadda Baturen ya faɗa, yana ɗan tsayawa yana saurare yana ƙara matsowa. Na ɗaga hannu. A daidai nan wayar Yaya ta yi ƙara, ya miƙe tsaye cikin farar jallabiya yana cewa, "Alo, aiwa, ina zuwa." Zomon ya yi wata irin juyawa ya ba mu baya. Na saki keren duk da haka, ya daki ƙasa ya tayar da ƙura.

Na ɗauki keren muka hau wani ɗan tudu. Daga nan muna ganin komai. Sa-gaji ba ta saki sawun ba. Zomon ya yi dabarunsa, ya koma kan sawunsa, ya yi tsalle gefe, ya lafe a ƙarƙashin tumfafiya. Ta wuce shi, ta tsaya, ta zagayo, ta tashe shi daga ƙarƙashin hancinta. Haka suka yi ta yi har rana ta fara zafi. Shi gudu gare shi, ita kuwa naci, kuma a hankali nacin ya fara cin gudun. Tsallensa ya gajarta, kunnuwansa suka kwanta. Sai na ga ya daina zagaye. Ya miƙe sak ta cikin yashin kwarin ya nufi arewa, wajen fararen ginshiƙan. Daga baya wani makiyayin raƙuma ya gaya mini zomayen wurin haka suke, in wuya ta yi wuya ciki suke nufa, sun san inda ba a bin su. Ko gaskiya ne ko faɗar makiyaya ce, ni dai na ga guda da idona.

Muka gangaro da gudu. Yaya, wanda tun muna yara ba na jin ya taɓa gudu, ya tattare jallabiya har gwiwa, takalminsa ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Tsakaninta da zomon bai fi tsawon mota ba, yana kuma raguwa. Tsakanin zomon da ginshiƙin ma haka. Na ga sarai ba za ta cim masa a waje ba, kuma na ga sarai za ta cim masa a ciki.

"Yalla, yalla, ta kama shi," in ji Yaya yana haki. Ya ga na kai yatsu baki. "Me za ka yi? Sibha, ƙyale ta. Daga waje ta taso shi, ba komai."

Na san malamai suna da maganganu a kan karen da aka tura a waje ya kama a ciki, ban kuma ce na fi su sani ba. Ni dai abin da Baba ya nuna mana da yatsa ta tagar mota shi ne a gabana. Zomon ya gifta ginshiƙin. Na yi fito. Kunnenta ɗaya ya motsa, ƙafafunta ba su rage ba. Sai na tattara duk abin da ke ƙirjina na ce, "Sa-gaji, bari!"

Ta kafa ƙafafun gaba a cikin yashi har ta sulale a zaune, ƙura ta rufe ta. Da ƙurar ta lafa sai ga ta tsaye a gindin ginshiƙin ta wajenmu, jikinta duk yana rawa, tana kallon gaba tana waiwayena, tana wannan siririn kukan na ranakun tsoka a kan ƙafa. Zomon kuwa bai yi nisa ba. Ya ɗan ƙara taku kaɗan a ciki ya zauna a fili, ba ƙaya ba rami, cikinsa yana sama da ƙasa. Da na so, daga inda nake kere zai same shi. Ya zauna ya huta a gabanmu son ransa, sannan ya tashi ya shige cikin duwatsu a hankali.

Na je na durƙusa na ɗaura mata igiya, na zuba mata ruwa a tafin hannuna. Idona ya cika, ba kuma don baƙin ciki ba. Bazarar nan da na sha jan igiya da dariyar mutane, ga ta nan a tsaye a gindin ginshiƙi.

Yaya ya iso yana ɗingishi da takalmi ɗaya. "Ka gani ko? Da bakinka ka kashe ta. Sharaɗi sharaɗi ne, ba zomo. Hat, kawo igiyar."

Ya miƙo hannu. Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na naɗe igiyar a hannuna na ce, "Yaya, ka girme ni, kuma na ji sharaɗinka. Amma ba inda za ka kai ta. In barri za ta, sai dai ka sauke mu tare."

"Ni kake gaya wa haka saboda kare?"

"Kai nake gaya wa."

A motata muka zo, wannan ya taimake ni. Da muka zo kwanar hosh Yaya ya ce in tsaya, na wuce. Na nufi Mansur kai tsaye, na ajiye mota a bakin layi don lungunmu ba ya ɗaukar mota, na sauko da ita. Hantsin Juma'a ne, maza sun fito da fararen kaya da darduma a kafaɗa, ƙanshin turare ya cika layin. Ni kuwa ga ni da ƙura har gira, kere a hannun dama, karya a hannun hagu, ina tafe a tsakiyar hanya. Da can ta bayan gida nake bi in na dawo daga hosh, ranar na ce kowa ya kalla ya ƙoshi. Mutane suka riƙa darewa suna tattare riguna. Mai shayi ya leƙo daga rumfarsa.

"Mai Kare, yau har da ita? To ina zomon?"

"Yana Harami," na ce masa. "In kana so je ka kamo shi."

A ƙofar gida na tsaya na aika a kira Umma. Ta sauko a hankali tana dafa bango, ta tsaya daga cikin soro, ta dubi karyar ta dube ni ta dubi Yaya da ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Shi ya fara magana, kuma in faɗi gaskiya bai rage bai ƙara ba. Ya faɗi sharaɗin, ya faɗi gudun, ya faɗi fitona. Umma ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, Babba take ce masa.

"Babba, zomon ya riga ya shiga?"

"Ya shiga, Umma."

"Kai kuma ka ce a bi shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta zauna a kan dakalin soron, abin da ba ta saba ba.

"Kakarku ce ta ba ni labari, ina amarya a gidan nan," in ji ta. "Ta ce tun da suka baro gida ita da kakanku ba su taɓa kwana da ido biyu a rufe ba. Nan a kore su, can a tare su, wani wurin su gudu da dare su bar tukunya a kan wuta. Ranar da aka nuna musu alamomin nan aka ce daga nan Harami ne, sai ya taka ya shiga kaɗan ya zauna a ƙasa. Aka yi aka yi ya tashi ya ƙi, har ta ɗauka ciwo ne. Ya ce mata a bar shi, yau ne ya fara zama ba ya waiwaye." Ta gyara mayafinta. "Da wani ya ce daga waje ya taso shi, ya biyo shi ciki, da ba ku tsaya nan kuna gardama a kan kare ba. Ba shi makullin, ya mayar da ita."

Yaya ya zaro makullin ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya hau sama neman takalmi. Umma ta sa aka kawo ruwa a wani tsohon kwano aka ajiye a waje. Ta ce, "Ta sha, amma kada ƙafarta ta taka mini soro."

Sa-gaji ta zauna a hosh har ta tsufa ta mutu a inuwar rumfarta. Kafin sanyin shekarar ya wuce ta koro mini zomo na farko har gaban kere, can nesa da iyaka, bayansa kuma wasu suka biyo. Yaya ya ci naman bai ce da daɗi ba. Mai shayi bai daina kirana Mai Kare ba, ni ma na daina jin zafin sunan, har na fara amsawa da ƙarfi. Har gobe in maganar ta taso Yaya cewa yake shi ya ci sharaɗin, kuma gaskiyarsa ne, ya ci. Ni dai ban ba shi abin da ya ci ba, ban kuma taɓa ba shi haƙuri a kan haka ba.

Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne bin zomo ba abin mamaki ba ne, kowane kare yana yi, kowane mutum ma in ya hango abin da yake so. Na gane abin da na horar ne a lokacin da nama yake gaban hancinta aka ce ta bari, na kuma gane kaina a lokacin da duk abin da nake so yake cikin yin shiru na ɗan lokaci kaɗan. Tun daga ranar ban ƙara yarda wani ya gindaya mini sharaɗin da sai na tsallake iyaka zan cika shi ba, ko da wanda ya girme ni ne. Da za a mayar da ni kwarin nan yau, Yaya a gefena, zomo a gindin ginshiƙi, zan sake kai yatsu baki in yi fiton.